Yaya Haladu da Zoɓon da Turawa Suka Daina Saya

Da kakar bana yayana Alhaji Haladu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Kowace shekara idan sabon zoɓo ya fara shigowa Babbar Kasuwa nakan tuna shi, in yi masa addu'a, in wuce harkokina. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin shi ba mai son yabo ba ne, ko a gaban idonsa ka yabe shi sai ya tambaye ka abin da kake nema. Bana dai shirun ya gagare ni, saboda wani abu da na gani da idona, na kuma faɗa da bakina, wanda har yau idan na tuna nakan ji kamar in rufe fuska.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Haladu ɗan kasuwa ne, haifaffen Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Da hatsi ya fara, daga baya ya koma zoɓo da riɗi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma duk da bai taɓa zama a ajin boko ba, shi ya tsaya tsayin daka sai da na zama malamin Turanci a makarantar sakandare. Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Yana da faɗa, yana da kafiya, idan ya ce a'a ko limami ka ɗauko ba zai sauya ba. Matarsa Hajiya Rabi takan ce zama da shi sai mai haƙuri, amma kuma ba ta taɓa kwana da tunanin ya yi mata ƙarya ba. Ni kuwa har na yi furfura bai daina ce mini Ɗanboko ba.

Wasu shekaru kafin rasuwarsa, ƙasarmu ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya ta ƙasashen Turawa, irin waɗanda suka haɗa kasuwanninsu suka zama kamar kasuwa guda. Abin da ya shafe mu a ciki kashi biyu ne. Za su ba da tallafi a gina sito, a kawo injin da ke fitar da ƙasa da tsakuwa daga cikin zoɓo, a koya wa manoma yadda ake shanya mai tsabta. Idan kuma kayan sun cika sharuɗɗansu, za su buɗe mana kasuwarsu mu riƙa kai musu kai tsaye, ba sai mun bi ta hannun dillalan Legas ba. Aka kira taro a wani zaure a GRA, aka gayyaci 'yan kasuwa da wakilan manoma. Da yake mafi yawansu ba sa jin Turanci, aka nemi in zo in yi tafinta.

Wadda ta jagoranci baƙin wata Baturiya ce siririya, mai yawan tambaya. Sunanta ya yi wa mutanenmu nauyi a baki, da yake kuma ranar Juma'a ta sauka garin, sai kowa ya koma ce mata Jummai, ita ma ta amsa.

Manyan gari suka yi ta jawabin godiya, ina juyawa. Wannan ya gode, wancan ya ƙara godiya, har na fara maimaita kalmomi iri ɗaya. Can sai na hango Yaya ya miƙe daga baya, ya gyara babbar rigarsa. Na san halinsa, na san ba godiya ya tashi yi ba.

Ya ce, "Ɗanboko, hwaɗa mata ni ban zo amsar sadaka ba. In kyauta ta kawo, akwai marayu cikin gari, in nuna mata ƙohwa. Ni kaya gare ni. Ta hwaɗi yadda take son su, in gyara, ta saye."

Na waiwayi manyan da ke zaune a gaba. Wani jami'i yana ta yi mini alama da ido kada in juya maganar. Yaya ya dube ni ya ce, "Mi kake jira? Yadda na hwaɗa za ka hwaɗa."

Na faɗa yadda ya faɗa. Jummai ta ajiye biron da ke hannunta, ta dube shi da kyau, ta tambayi inda rumfarsa take. Washegari da hantsi sai ga ta a Babbar Kasuwa, ta zauna a kan buhu, ta sa hannu cikin zoɓo tana shinshinawa. Ranar na yi tafintar da ta fi kowace wahala a rayuwata, domin ciniki suke yi na gaske, kowa yana jan nasa.

Daga nan aiki ya kankama. Aka kafa ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar zoɓo, aka ba Yaya shugabanci ba don ana sonsa ba, sai don an san ba zai ci amana ba. Aka gina siton a bayan gari, aka kafa injin. Amma babban aikin a ƙauyuka yake. A da, mata kan ɓare zoɓo su raba shi da gurguzu, su baza a ƙasa ko a gefen titi, awaki su bi ta kai, ƙura ta lulluɓe shi. Yanzu sai aka ce a kafa gadajen shanya na itace da raga, sama da ƙasa, kada a taɓa shi da ruwa, kada a fesa masa fiya-fiya don tsoron ƙwari. Yaya ya riƙa bin ƙauyukan wajen Kaita da Jibiya da tsohuwar motarsa, yana shiga gida-gida da izinin masu gida, yana faɗa, yana lallashi, galibi dai faɗan ya fi yawa. A ranakun hutu nakan raka shi. Na taɓa ganin ya tsuguna da kansa yana ɗaure ƙafar gadon shanyar wata tsohuwa da igiya, ita kuma tana tsaye a kansa tana mita cewa tun kakanninta a ƙasa ake shanya, ba wanda ya mutu.

Abin da mutane suka fi tunawa shi ne ranar da ya mayar da kayan surukinsa, mijin babbar 'yarsa. Ya sa hannu cikin buhun ya ji danshi, ya gane an yayyafa ruwa don ya ƙara nauyi a sikeli. A gaban leburori ya ce a mayar da buhunan kan mota. Maganar ta kai har cikin gida, 'yarsa ta zo tana kuka, aka yi watanni ba a ga maciji tsakanin gidajen biyu. Ni kaina na je na ce masa da ya ja yaron gefe ya yi masa magana a asirce. Ya ce in ya rufa wa nasa asiri yau, da wane ido zai dubi na wani gobe. Har yanzu ina ganin da ya sassauta a yadda ya yi abin. Amma daga ranar ba wanda ya sake kawo jiƙaƙƙen zoɓo siton nan.

Kwantenar farko ta tafi, aka gwada kayan a can, aka karɓa. Ta biyu ma haka. Ban san lissafin ribar ba, kuma ba shi ne damuwata ba. Abin da na gani shi ne rufin kwano ya fara bayyana a ƙauyukan da ba a san su da shi ba, na ga matan da suka sayi tumaki da kuɗin hannunsu, na ga yaran da aka mayar makaranta. Mafi girma a wurina, na ga yadda manomi ke shigowa siton da ƙafarsa, kansa a ɗage, ya ajiye kayansa ya faɗi farashi.

Kada mai karatu ya ɗauka Yaya ya ɗauki Turawan nan waliyyai. Ya fi kowa yi musu gardama. Wata rana Jummai ta kawo masa tsarabar wani ɗan kwali mai kyau, da ƙananan ƙunshin shayi a ciki, ta ce daga zoɓonmu aka yi. Ya jujjuya kwalin, ya tambayi nawa ake sayar da shi a can. Da ta faɗa sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce in tambaye ta, me ya sa madararsu da kayan gwangwaninsu ke shigo mana a ƙunshe da sunansu a jiki, mu kuma namu sai dai ya tafi a buhu, su niƙa, su ƙunsa, su ci ribar? Ya ce shi burinsa a yi wannan kwalin a Katsina, a rubuta Katsina a jikinsa. Ta ce masa gaskiya ya faɗa, amma wannan ya fi ƙarfin ofishinta, sai dai idan muka daɗe muna kai kaya masu kyau, maganarmu za ta yi nauyi a zaman yarjejeniya na gaba. Ya riƙe wannan magana. Ya sha gaya mini cewa tallafi na ɗan lokaci ne, ranar da suka ga dama za su naɗe tabarmarsu, amma mai saye ba ya barin mai kaya masu kyau.

Bai ga zama na gaban ba. Hawan jini ya buge shi a rumfarsa ana shirin sallar La'asar, ya yi 'yan kwanaki a asibiti ba ya magana, Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'izarsa layin Ƙofar Marusa ya cika da mutanen ƙauye waɗanda ban san fuskokinsu ba, wasu da ƙurar hanya har gwiwa.

Abin da ya biyo baya ba ni jin daɗin rubuta shi, amma shi ne dalilin wannan rubutu. Shugabancin ƙungiya ya koma hannun mutanen da suka fi iya magana da manya fiye da sanin zoɓo. Ba zan kama suna ba, tare muke sallah da wasunsu. Da farko aka fara ɗaga ƙafa ga 'yan'uwa da abokai. Daga nan aka fara sayo zoɓon gefen titi mai araha ana cakuɗawa da mai kyau. Injin ya samu matsala, aka ce gyaransa ɓata lokaci ne, ai Bature ba zai zazzage kowane buhu ba. Da ƙwari suka shiga sito, aka yi musu feshi. Duk garin an san ana algus, ana ta faɗa a majalisu ana dariya, har da masu cewa ai wayo ne. Kwantena ta tafi, aka buɗe a can aka tarar da fumfuna da yashi da guba. Aka yi gargaɗi, aka sake turawa, aka sake samun haka. Sai suka rufe ƙofa. Ba Turawa suka cuce mu a wannan ba, ba kuma gwamnati ba ce. Mu ne, da hannunmu, cikin garinmu, kuma waɗanda suka fi shan wahalar su ne matan ƙauyen nan da ba su taɓa yayyafa wa kayansu ko ɗigon ruwa ba. Dillalai suka dawo, farashi ya koma yadda suka ga dama.

To, bana aka sabunta yarjejeniya tsakanin ƙasarmu da ƙungiyar, aka ce tawaga za ta zo ta duba ayyukan da aka yi a baya kafin a tsara sababbi. Aka aiko mini in zo in yi tafinta, duk da na yi ritaya. Na amsa da murna, musamman da na ji cewa Jummai ce za ta jagoranci tawagar, yanzu ta zama babba a wurinsu.

Da na isa siton sai na ga an shafe bangon da sabon fenti, har ƙamshinsa bai fita ba. Na san shekara da shekaru siminti wani ɗan kwangila ke ajiyewa a ciki, amma ranar an kwashe, an share, an jera buhunan zoɓo da aka aro daga kasuwa. An kwaso mata a mota an ɗinka musu atamfa iri ɗaya, an zaunar da su a rana, mafi yawansu 'yan cikin gari ne da ba su taɓa ɓarar zoɓo ba. Jummai ta sauko daga mota, gashinta ya yi fari fat. Ta gane ni nan take, ta gaishe ni da 'yar Hausar da ta rage mata, ta ce ta samu labarin rasuwar Alhaji tun a lokacin.

Shugaban ƙungiya ya tashi jawabi. Ya ce mu marayu ne, ba mu da kowa sai Allah sai su. Ya ce talauci ya yi mana katutu, a dube mu da idon rahama. Ya roƙi motoci, ya roƙi a gina wa shugabanni ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ya roƙi a riƙa kai su ƙasashen waje ƙaro ilimi. Ko sau ɗaya bai ambaci sayar da zoɓo ba. Ni kuwa ina tsaye a gefensa, duk jimlar da ya ajiye sai in ɗauka in juya ta da Turanci, a gaban matar da ta taɓa jin akasin wannan daga bakin nan nawa. Aikin tafinta ke nan, ba ka ƙari, ba ka ragi. Amma ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na ranar ba. Na kafa idona a kan takalmana.

Da aka gama, ta ce tana son ganin injin. Aka ce ai ana kan yi masa hidima, an lulluɓe shi saboda ƙura. Sai ta taka da kanta ta ɗaga tamfol ɗin. Ƙarfen waje ne kawai a tsaye. An cire abin da ke juya shi, an cire wayoyin, har rariyar ƙarfen an kwance an sayar. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambayi kowa ba, ta mayar da tamfol ɗin ta gyara shi a hankali yadda ta same shi. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A wannan lokacin, Allah ya gafarta mini, na ji wani irin sanyi a raina cewa Yaya ba ya raye balle ya ga wannan. Ɗan'uwan da ya raine ni, wanda nake kewarsa kullum, garinmu ya kai ni ga yi masa murnar mutuwa.

Da yamma ta nemi in kai ta gida ta yi wa Hajiya Rabi ta'aziyya, ko da an makara. Hajiya ta shimfiɗa mata darduma a tsakar gida, ta kawo mata zoɓo mai sanyi da citta. Suka yi ta hirar Alhaji, suna dariyar faɗansa. Can Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam Bishir, tambaye ta, sun daina shan zoɓo ne a can?"

Jummai ta ce ba su daina ba, sun ma fi da sha, daga wasu ƙasashen suke sayowa yanzu. Ta ce ƙofar ba a kulle take da kwaɗo ba, sharaɗin na nan yadda yake tun farko, duk ranar da kaya masu tsabta suka zo za a gwada, za a saya.

Sai Hajiya ta ce, "Ashe dai ba su suka tahi ba."

Ban juya wannan ba, Jummai kuma ba ta nemi in juya ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Yaya zai leƙo ya ga yadda muke yau, me zai ce? Na san ba zai tsaya zagin Turawa ba, ko da yake zai tuna musu cewa har yanzu buhu suke so daga gare mu, kwalin kuwa nasu ne. Na san zai yi mamakin yadda kalmar tallafi ta cika bakinmu, daga rediyo har majalisar bakin titi, yadda babban mutum mai gemu zai tsaya a bainar jama'a ya kira kansa maraya ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Zai ga matasan da suka ƙware wajen rubuta roƙo da Turanci mai kyau, irin Turancin da ni na koya musu, alhali ba su san bambancin busasshen zoɓo da jiƙaƙƙe ba. Zai kuma ga cewa wasu ƙauyukan da yake shiga da motarsa ba sa shiguwa yanzu saboda rashin tsaro, gonaki da yawa sun koma saura. Wannan ba laifin manomi ba ne, kuma zai yi musu kuka. Amma ina jin abin da zai fi ƙona masa rai shi ne mun samu dama a lokacin da hanya take lafiya, mai saye yana jira, muka sayar da sunanmu a kan nauyin ruwa da yashi.

To me ya rage na Yaya Haladu? Siton ya koma hannun mai siminti tun kafin fentin ya gama bushewa. Rumfarsa ta kasuwa wani ne a ciki yana sayar da kayan waya. 'Ya'yansa kowa ya kama sana'arsa, ba wanda ya gaji zoɓo. Kabarinsa ma ya baje kamar na kowa, idan na je maƙabarta sai dai in tsaya daga inda nake zato in yi addu'a ga duk mazauna wurin. Na daɗe ina ganin kamar ba abin da ya saura.

Makon jiya na shiga Babbar Kasuwa sayen gero, sai na ji wata matashiya da goyo a bayanta tana ja-in-ja da wani dillali a kan buhun zoɓo. Ya taya mata farashin banza, ta fizge bakin buhunta ta ce, "Haba Alhaji, sa hannu ka ji. Wanga fa shanyar Haladu ce, ba ta gefen titi ba." Ya sa hannu, ya damƙo, ya saki, zoɓon ya zube yana ƙara kamar busasshen ganye, ja wur, ba ƙasa ko kaɗan. Ya ƙara mata kuɗi ba tare da wata gardama ba.

Na matsa na gaishe ta, na tambaye ta wane ne Haladu. Ta ce ita ma ba ta sani ba, a garinsu haka ake kiran shanyar da ake yi a kan gado sama da ƙasa, wurin kakarta ta koya. Na buɗe baki zan ce mata yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai na tuna cewa idan na faɗa, za ta iya tambayata me ya sa kaya irin nata ba su da wata kasuwa sai hannun wannan dillali, kuma amsar tana cikin garinmu, ba a nasu ba. Na yi mata fatan alheri, na ɗauki gerona na tafi.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yafe masa zafin zuciyarsa, ya saka masa da gaskiyarsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa kunyar nan ta amfane mu tun muna da sauran lokaci.